Darasi: Shirin Tafiya Taro a Ƙasar Waje

Halartar taro a ƙasar waje ta daɗe da daina zama abin ministoci da manyan daraktoci kaɗai. A jihar Damagaram ana gayyatar malaman Jami'ar André Salifou, da ma'aikatan lafiya, da ƴan jarida, da shugabannin ƙungiyoyin mata da na makiyaya. Dukawa da maƙera suna neman rumfa a bikin baje kolin sana'o'in hannu na SIAO, wanda ake yi a Wagadugu tun 1988. Manoman Magarya da Matamaye da Mirya, waɗanda suka raya gawo a gonakinsu har ƙasa ta farfaɗo, ana kawo misalinsu a tarurrukan Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da hamada, irin wanda aka yi a Abijan a 2022 da na Riyad a 2024.

Duk wanda gayyata ta iske shi a unguwar Zango ko Birni ta garin Zinder ko wani ƙauye na Tanut yana da nauyin da ɗan Yamai ba shi da shi. Ofisoshin jakadanci suna Yamai, babban filin jirgin sama na Diori Hamani yana Yamai, kuma tsakanin Zinder da Yamai akwai kusan kilomita 900. Takarda ɗaya da aka manta a gida tana iya cin kwana biyu na hanya da kuɗin mota zuwa da dawowa. Saboda haka shirin mutumin Damagaram daga ranar buɗe taro ake fara lissafa shi, a riƙa komawa baya har a iso ranar da ya kamata a ɗaga ƙafar farko.

Takardar gayyata

Ita ce uwar sauran takardu. Da ita ake neman izinin wurin aiki, da ita ake neman biza, kuma ita ɗan sandan filin jirgi na can yakan fara tambaya. Takarda mai kyau tana ɗauke da sunan mai tafiya yadda yake a fasfo, da lambar fasfon, da ranar buɗe taro da ta rufewa, da wurin da za a yi shi, da lambar mutumin da za a kira idan wani abu ya taso.

Akwai kuma tambayar da kunya kan hana mutane yi, alhali ta fi kowace amfani: wa zai biya me? Masu shirya taro sukan rubuta cewa sun ɗauki nauyin tafiya, amma a lissafinsu tafiyar daga filin jirgin Yamai take farawa. Kuɗin kar daga Zinder, da kwanan da za a yi a Yamai wajen neman biza, da kuɗin bizar kanta, da inshora, duka suna iya faɗawa kan mai tafiya idan bai sa an rubuta su ba. Wanda ke zaune a ofis a Janiba ko Nairobi bai san nisan Zinder da Yamai ba sai an gaya masa, kuma idan aka gaya masa da wuri sau da yawa yakan sa shi cikin kasafi. Haka nan a tambaya ko kuɗin guzuri, wanda ma'aikata ke kira perdiyam, za a ba da shi kafin tafiya, ko a wurin taro, ko sai bayan an dawo. Amsar ita za ta nuna yawan abin da mutum zai riƙe a aljihunsa.

Ana kuma samun gayyatar ƙarya. Alamarta ba ta da wuyar ganewa: saƙo ya zo ta waya daga ƙungiyar da mutum bai taɓa hulɗa da ita ba, an yi alkawarin tikiti da biza kyauta, sannan a ce ya fara aika kuɗin otal ko na rajista da sunan wani mutum. Taron gaskiya yana da ofishi da adireshi da mutanen da suka taɓa halartarsa, kuma ana iya tambayarsu.

Ma'aikacin gwamnati yana bukatar takardar tura aiki, wadda aka fi sani da ordre de mission, da izinin fita ƙasa daga shugabanninsa. Sa hannu a kan waɗannan takardu yakan bi matakai daga jiha zuwa ma'aikata a Yamai, don haka ranar da gayyata ta zo ya kamata a shigar da bukata.

Fasfo da maganar suna

Hukumar DST ta ƴan sanda, mai mazauni a Yamai, ita ke bayar da fasfon Nijar, kuma shekara 5 yake aiki. Ana neman sa da takardar haihuwa, da takardar shaidar zama ɗan ƙasa wadda kotu ke bayarwa, da katin ɗan ƙasa. Tun ranar 29 ga Janairun 2025, da Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, aka ƙaddamar da fasfon ƙawancensu na AES, amma tsohon fasfo yana ci gaba da aiki har ranar da wa'adinsa ya ƙare. Wanda yake da fasfo ya buɗe shi ya duba wannan rana tun kafin ya amsa gayyata, domin ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da bai kai saura wata 6 ba, kuma kamfanin jirgi kan hana mutum hawa tun daga nan gida.

Abin da ya fi ɓata wa mutanenmu tafiya, fiye da rashin kuɗi, shi ne suna. Mutum ɗaya yana iya zama Mahamadou a takardar haihuwa, Mahamane a takardar makaranta, Mamane a katin aiki, a unguwa kuma kowa Malam Mamman ya sani. Idan masu taro suka sayi tikiti da sunan da ke ƙarƙashin wasiƙarsa, alhali fasfo yana ɗauke da wani, ma'aikaciyar jirgi za ta duba takardun biyu ta ga mutum biyu. Gyaran suna a kan tikiti yana cin kuɗi, wani lokaci ma sai an sayi sabo. Haka maganar ranar haihuwa. Dattawa da yawa ba a yi musu takarda ranar da aka haife su ba, kotu ce ta yi musu daga baya, aka rubuta shekara kawai, sannan fasfo ya sa 1 ga Janairu. Wannan ranar ta fasfo ita za a rubuta a kowane fom, ko da mutum ya san da kaka aka haife shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki hoton shafin farko na fasfo a aika wa masu taro, a roƙe su su kwafe suna harafi da harafi, a kuma karanta tikitin da kyau ranar da ya iso.

Biza

Tafiya Mali ko Burkina Faso ba ta bukatar biza. CEDEAO ma ta sanar cewa ƴan ƙasashen uku za su ci gaba da shiga ƙasashenta ba biza har sai an sake shawara, don haka mai zuwa Dakar ko Akara ko Abuja ya tabbatar da yadda dokar take a watan tafiyarsa. Wasu ƙasashe, irin su Habasha da Indiya, ana neman bizarsu ta intanet, kuma suna bambanta bizar taro da ta yawon buɗe ido. Masu taro su ne suka san wadda ta dace.

Bizar ƙasashen Turai na yankin Shengen ita ce mai yawan sharuɗɗa. Kuɗinta yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, wato kimanin jika 59 na sefa, kuma idan an hana mutum ba a mayar masa. Ana iya shigar da takardu tun saura wata 6, ba a kuma so ya gaza kwana 15 kafin tafiya. Amsa takan fito cikin kwana 15, amma doka ta ba su damar kaiwa kwana 45. Dole fasfo ya wuce ranar dawowa da wata 3, ya kuma kasance da shafi biyu da ba a buga komai ba. Ana neman inshorar lafiya da za ta iya biyan yuro 30,000, da shaidar masauki, da shaidar ajiye kujerar jirgi, da abin da ke nuna mutum yana da dalilin komawa gida: aiki, ko rajistar kasuwanci, ko takardun ƙungiya. Mai nema karo na farko sai ya je da kansa a ɗauki zanen yatsunsa. Mata su guji ƙunshi mai kauri a makon, don lalle kan hana na'ura ganin zanen. Galibi ana karɓar hoto da lulluɓi muddin fuska ta fito daga goshi zuwa haɓa.

Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a watan Janairun 2024, bayan taɓarɓarewar dangantaka da ta biyo juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Wannan ya canja hanyar neman bizar Turai ga ƴan Nijar, har wasu sai sun fita wata ƙasa kafin su shigar da takardu. Tambayar farko da za a yi wa masu gayyata ke nan: wane ofishi ne zai karɓi takardun, kuma a wane gari? Ba a sayen tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Ba a kuma ba dillali fasfo don ya ce yana da hanya. Takardar banki ta jabu guda ɗaya tana iya rufe wa mutum ƙofa shekaru.

Lissafi daga baya

A ɗauka an gayyaci shugabar wata ƙungiyar mata masu sarrafa gyaɗa zuwa taron da za a buɗe ranar 15 ga Oktoba a Roma, inda hukumar abinci ta FAO take da mazauni. Ya kamata ta kwana a Roma ranar 14, don wanda ya sauka daga jirgi da safe ya wuce zauren taro barci zai yi a kujera. Jirginta zai tashi daga Yamai ranar 13. Za ta bar Zinder ranar 11, ta isa da dare, ranar 12 ta zama ranar rara. Idan aka ba biza kwana 45 don kauce wa tsautsayi, takardunta su shiga kafin ƙarshen Agusta, kuma watan Agusta ne Turawa suka fi tafiya hutu, wasiƙa takan yi mako ba amsa. Ke nan gayyata ta asali da inshora su kasance a hannu tun Yuli. Idan ba ta da fasfo, neman takardar haihuwa da ta kotu aikin watan Mayu ko Yuni ne. Taron Oktoba, shirinsa kafin shuka yake farawa.

Ta Yamai ko ta Kano

Karuruwan kamfanoni irin su Rimbo suna tashi daga Zinder tun kafin asuba, su bi ta Maraɗi da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, su shiga Yamai da dare idan komai ya tafi daidai. Ba kullum yake tafiya daidai ba. Taya kan fashe, shingayen bincike kan ci lokaci, kuma a damanar 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar a kusa da Yamai. Wannan ne dalilin ranar rara. Daga Yamai ana samun jiragen Ethiopian ta Adis Ababa, da Turkish ta Istanbul, da Royal Air Maroc ta Kasablanka, da ASKY ta Lome. Da yawansu cikin dare suke tashi, kuma nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowane ciwo: tikitin da ya ce ranar 13 da ƙarfe 02:30 yana nufin mutum ya je filin jirgi daren 12. Ana isa awa uku kafin tashi.

Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba, kimanin kilomita 240, ta Matamaye da Ɗan Barto zuwa Daura, ko ta Magarya zuwa Baɓɓan Mutum. Wannan ita ce tsohuwar hanyar fatake da ta haɗa Zango da kasuwar Kurmi ta Kano. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano ana tashi zuwa Adis Ababa da Alƙahira da Jidda. Sai dai mai bin ta ya tabbata an buga masa hatimin fita a iyakar Nijar da na shiga a ta Najeriya, don wanda ya saba tsallakawa zuwa cin kasuwa ba hatimi zai sha tambaya a filin jirgi. Ya kuma tuna cewa iyakar ta rufe daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, kuma hazon hunturu kan jinkirta jirage a Kano daga Disamba zuwa Fabrairu.

Inda za a canja jirgi, a nemi tazarar da ta kai awa biyu ko uku, a kuma tambaya ko ƙasar tana bukatar bizar wucewa.

Allura da magani

Katin rigakafi mai ruwan ɗorawa yana tafiya tare da fasfo. Allurar shawara ita ake fi tambaya, kuma sai ta kwana 10 a jiki kafin katin ya fara aiki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke cewa sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Saudiyya tana neman allurar sanƙarau ga mai aikin Hajji ko Umara, don haka wanda zai haɗa taro da Umara ya yi ta. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya riƙe maganinsa a jakar hannu, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Ƙwayoyi irin su tramol suna kai mutum kurkuku a Masar da Dubai.

Kuɗi

Sefar Nijar ita ake kashewa a Senegal, Kodibuwa, Togo, Benin, Mali, Burkina Faso da Gine Bisau, don haka mai zuwa waɗannan ƙasashe ba ruwansa da canji. Ta Cadi da Kamaru darajarta ɗaya da tamu, amma takardar daban ce, sai an canja. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, farashin da ba ya motsi, kuma wannan ya sa yuro ya fi sauƙin lissafi ga ɗan Nijar ko ina za shi. A yi canji tun a gida, a karɓi takardar shaida, don a waje da wuya a samu mai karɓar sefa. Mai katin banki ya tambayi bankinsa ko katin yana aiki a ƙasar da za shi. Ko da masu taro sun ɗauki nauyin komai, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni: a riƙe abin da zai biya mota daga filin jirgi, da kwana ɗaya a otal, da abinci. A raba kuɗin wuri biyu. Wanda zai shiga Tarayyar Turai da yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana wa duwan.

Kaya

Nauyin da aka yarda yana rubuce a tikiti, galibi kilo 23 ga babbar jaka, kilo 7 ko 8 ga ta hannu. Cikin ta hannu ake sa fasfo, gayyata, katin allura, magani, caja, batirin ajiya, kwamfuta, da tufafi na kwana ɗaya, saboda babbar jaka takan makara. Ruwa ko turare ko man shafawa da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu, haka wuƙa da aska da almakashi.

Tsarabar da muka fi so ita ce ta fi jawo rigima. Kilishi da cuku da man shanu ba sa shiga Tarayyar Turai, doka ta hana matafiyi shigo da nama da kayan nono. Saudiyya ta hana goro. Jakar fata ko takalmi ko zobe na azurfa ba su da wannan matsala, amma mai kai kaya masu yawa don baje koli ya nemi takardun duwan tun daga gida. Saƙon da wani ya kawo a ƙulle a tasha, ko ɗan'uwa ne, a kwance shi a gabansa ko a bar shi. Abin da aka samu a jakar mutum nasa ne a idon doka.

A tambayi yanayin garin. Adis Ababa tana kan tudu sama da mita 2,300, dare yana da sanyi ko da wane wata ne, kuma sanyin Turai daga Nuwamba zuwa Maris ya wuce na hunturun Damagaram da nisa. Babbar riga tana da kwarjini a zauren taro, sai a sa mai ɗumi a ƙarƙashinta. Soket ɗin lantarki na Gana da Najeriya da Kenya da Ingila mai baki uku ne, ba ya karɓar cajarmu sai da mahaɗi.

A wurin taro

Da sauka sai a gyara agogo. Dakar da Abijan da Wagadugu suna bayan Nijar da awa ɗaya, Adis Ababa da Nairobi da Istanbul da Makka suna gaba da awa biyu. Paris da Roma lokacinsu ɗaya da namu a watannin sanyi, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma suna gaba da awa ɗaya. Ƙarfe tara a takardar shiri tana nufin ƙarfe tara, motar otal ba ta jiran kowa. A rubuta sunan otal da lambar mai masauki a takarda, don waya takan mutu a lokacin da aka fi bukatarta. Kira da layin gida yana cinye kuɗi da sauri, layin can ko intanet ɗin otal ya fi araha, kuma WhatsApp yana ci gaba da aiki da tsohuwar lamba.

Matafiyi yana da rangwamen ƙasaru, amma a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari yana cika sallarsa. Maganar abinci a faɗa wa masu taro tun wajen rajista. Inda aka yi shakka, kifi da ƙwai da ganye sun wadatar.

Wanda aka ba minti goma ya yi magana ya gwada jawabinsa da agogo tun a gida, ya rage gaisuwa. A manyan tarurruka akwai tafinta da ake ji ta na'urar kunne, kuma mai magana da sauri yana wahalar da su, saƙonsa ya isa rabi. Mai Hausa zalla ya sanar tun da wuri don a shirya wanda zai fassara masa. Rabin amfanin taro a wajen zaure yake, lokacin shan shayi da cin abinci, kuma ƴan ƙasa ɗaya da suka dunƙule a teburi ɗaya har aka watse sun yi asarar wannan rabin.

Dawowa

A ajiye guntun katin hawa jirgi na zuwa da na dawowa, da rasit na kar da otal da biza, don da su ake biyan kuɗin da mutum ya kashe. A fita ƙasar kafin ranar da biza ta ƙare. Wanda ya maƙale ya ɓata sunansa, ya kuma sa ofishin jakadanci ya tsananta wa duk wanda ƙungiyarsa za ta tura a bayansa. Ma'aikaci yana miƙa rahoto ga ofishinsa, wakilin ƙungiya kuma yana tara mambobi ya faɗa musu abin da aka tattauna, da waɗanda ya gana da su, da alkawarin da ya ɗauka da sunansu. Ya kamata a yi wannan zama cikin makon farko na dawowa, tun lambobin da aka karɓo suna hannu kuma mutanen can ba su manta fuskar wakilin ba.